Ranar da Aka Yanke Bindigar Iro

Kullum sai ɗayanku ya shigo maƙerar nan, ya zauna a kan kututturen da ba a ba shi ba, ya ɗauki ƙarfen da ba nasa ba yana wasa da shi, sannan ya zaro waya ya nuna mini hoto. "Baba, za ka iya irin wannan? 'Yar ƙarama, wadda za ta shiga ƙarƙashin riga." Kuna ganin abin kamar zaɓen takalmi ne a kasuwa, a gwada a ƙafa, a biya, a tafi. To tunda yau na kashe wuta kuma kun ƙi tashi, ku matso in gaya muku yadda ake zaɓen bindiga, da abin da zaɓen ya yi wa abokina Iro. Shi ba hoto ya kawo mini ba. Masararsa ce ta nuna a bakin daji, yana so ya karyo ta ya dawo gida da ransa. Iyakar abin da ya nema ke nan.

Aikin farko da aka ba ni a gidanmu zuga ne. Na daɗe ina zaune a bayan zuga-zugi har cinyoyina suka san zafin ƙasa, kafin mahaifina ya yarda in riƙe awartaki, balle masaba. Gawayin ƙirya ni nake tsincewa, in na haɗa da na itacen banza ya gane tun daga launin wutar, kuma ƙeyata ce take biya. Abincinmu fartanya ne da garma da lauje da gatari. Bindiga aikin gefe ce, ta mafarauta, kuma yawanci gyara ne: kunama ta saki, ƙota ta tsage, ko tsatsa ta cinye ciki saboda mai ita ya jingine ta a ɗaki mai yoyo duk damina.

Bindigar farko da na ga an gama gyaranta, na ɗauka miƙa wa mai ita za a yi. Sai Baba ya ce in ɗauko igiya. Muka fita bayan gari, ya ɗaure ta tamau a jikin wata ɗorawa, ya ƙulla igiyar a kunama, muka koma bayan suri muka kwanta, sannan ya ja. Haka yake yi wa kowace. Yakan ce bindigar da ba ta yi magana a jikin itace ba, ba za ta hau kafaɗar ɗan Adam ba. Na riƙa ganin abin ɓata lokaci ne, har ranar da wata ta tsage a gabanmu, ta ɓare ɓawon ɗorawar nan kamar an sa gizago. Baba ya dubi mai ita ya ce, "Da a hannunka take, da yau da hagu za ka ci tuwo." Daga ranar ban sake ƙorafin ɗaukar igiya ba.

Amma kafin igiya, kafin wuta ma, akwai tambaya. Duk wanda ya shigo da bindiga ko ya zo neman wata, Baba ba ya taɓa ta sai ya ce, "Dabba ko mutum?" Mafarauta dariya suke yi, don sun san wasa ne rabi. Rabin ne kawai. Akwai wani da ya zo idonsa jawur, rigimar iyakar gona ta haɗa shi da ɗan kawunsa, aka yi masa tambayar ya yi shiru. Baba ya karɓi bindigar ya tura ƙarƙashin tabarma, ya zauna a kai, ya aika aka kira yayan mutumin. Sai da kaka ta wuce zuciya ta huce aka mayar masa da ita.

In an ce dabba, to sai a ce wace iri, domin a nan zaɓen yake. Mai neman zabi da kurciya, ƙananan dalma ake ɗura masa masu watsuwa, ko bai iya saiti ba zai samu na miya. Mai fama da bika a gonar masara, tsoro yake so ya ba su, su kuwa sun fi shi wayo, suna gane mai bindiga da mai sanda tun daga nesa. Wani makiyayi, Buba, da ke sauka da shanunsa kusa da Kazage, kura ce take damun 'yan maruƙansa. Ya ce mini, "Ni ba kashewa nake so ba, Maƙeri, ƙara nake so, ta ji ta canza hanya." Na gyara masa wata tsohuwa mai baƙin amo, ya yi shekaru yana aiko mini da man shanu. Shi ma daga baya an kore shanun gaba ɗaya, kuma ba kura ce ta kore su ba.

Gyado kuwa daban ne. Ku da kuka tashi a cikin gari ba ku san shi ba sai a hoto. Ƙato ne mai haure, fata kamar kilago, kai kamar turmi. In ka bar shi yakan gudu, wutsiya a sama. In ka ji masa rauni ba ka kashe shi ba, kanka zai yo, kuma a cinya yake kamawa. Shi ya sa mai gyado doguwar bindiga ake ba shi, da dunƙulen dalma guda mai nauyi, ya harba daga nesa, sau ɗaya, a wurin da ya dace. Tsayin nan da kuke rainawa shi ne yake riƙe harbin ya tafi inda aka aike shi. Ƙananan dalma a jikin gyado tsokana ce kawai.

Bindigar Iro irin wannan ce. Babana ne ya ƙera wa babansa ita, ni kuma na sake mata ƙota da itacen maɗobiya lokacin da ta zo hannunsa. Doguwa ake ce mata. Iro gajere ne, in ya rataya ta sai ka rasa wa ke ɗauke da wa, kuma ban taɓa barinsa ya huta da wannan maganar ba. Shi kuma yakan ce mini ai maƙeri ba ya sanin daɗin abin da ya ƙera, sai dai ya ji labari. Tare muka tashi. Gonarsa tana can bayan Kutemeshi, ita ce ta ƙarshe kafin daji ya fara, don haka duk abin da ya fito neman abinci da shi yake fara gaisawa.

Ku riƙe wannan, don shi ne kan maganar. Kowace bindigar ƙira tana da muryarta, kuma mutanen ƙauye sun san su kamar yadda suka san tarin maƙwabcinsu. Ta Doguwa mai kauri ce, tana fita a hankali kamar an buga babban ganga. In ta yi magana a gona, duk wanda ya ji sai ya yar da fartanya ya nufi wurin. Al'ada ce. In gada ce a taya fiɗa a samu rabo, in gyado ne a taya ja a fitar da shi daga cikin shuka, in kuma maharbin ne ya ji ciwo a ɗauko shi. Ba a taɓa jin ƙarar bindiga a bar mutum shi kaɗai ba.

Sai shekarar nan ta zo, wadda ba sai na gaya muku ba, kun yi wayo a cikinta. Mutanen daji suka riƙe hanyoyi, noma ya zama sai an yi shahada, waya ma ba ta shiga a yawancin ƙauyuka. A maƙerar nan na ga canjin tun kafin a fara faɗinsa a rediyo. Fartanyar da na ƙera ta yi ta tsatsa a rataye. Masu shigowa suka daina dariya in na yi tambayar Baba. Wasu su sunkuyar da kai, wasu su ce, "Kai ma ka sani." Da na ƙi, sai suka gano hanyar wani mai walda, wanda ke datse bututun da ba a yi shi don wuta ba, ya manna masa ƙota, ya ce bindiga ce. Bai san ɗorawa ba, bai san igiya ba. Na ga yatsun da aikinsa ya ci, fiye da na hannu ɗaya.

Wata ranar kasuwa, masara ta bushe a kara, Iro ya shigo da Doguwa naɗe a cikin buhu. Wannan kaɗai ya ishe ni sanin akwai magana, don da a kafaɗa yake kawo ta, yana taƙama. Muka gaisa, na tambayi iyali. Ya kwance buhun ya ce, "Maƙeri, so nake ka rage mata tsawo. Ka datse ta nan, ka datse ƙotar, ta shiga ƙarƙashin riga."

Na ce, "Iro, dabba ko mutum?"

Ya ce, "Bar wasan nan, mun tsufa. In na rataya ta na kama hanyar gona mutanen daji suka hango ni, ɗan sa-kai ne, ba tambaya sai harbi. In na bar ta a gida, da me zan tare su? Da carbi?"

Na ce masa harbi ɗaya gare ta, doguwa ce ko gajera. Su kuwa a kan babura suke zuwa, kowa da wadda take zuba ba tsayawa. "Ka harba ɗaya, sannan ka ce su dakata ka sake ɗuri? In sun same ka hannu wofi, kuɗi za su nema. In sun laluba sun ji ƙarfe a ƙugunka, ba ciniki. Kuma Doguwa ta mafarauci ce, kowa ya san ta, da takardarta. Guntuwa kuwa in jami'an tsaro suka gan ta a jikinka, kai ne ɓarawon."

Ya bar ni na gama tsaf. Sannan ya ce, "Kai a cikin gari kake kwana. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Bara da suka ɗauki ƙanena a gona, shanun huɗa muka sayar muka karɓo shi. Yanzu me ya rage da za a sayar a karɓo ni? In sun zo, gara su same ni da abu a hannu."

Na ce to ya bar masarar bana, Allah zai kawo wata.

Ya ce, "Mu ci me?"

Abin da na sani shi ne ba zan sa zarto a aikin babana in mai da shi abin da ba ya kashe gyado kuma ba ya tare mutum ba. Na faɗa masa haka. Bai yi fushi ba. Ya naɗe ta, ya ce in gaida gida, ya fita.

Kasuwa ta zagayo ya dawo, ya tsaya a bakin ƙofar nan, ya duba hagu da dama, ya ɗaga gefen rigarsa. Mai walda ya yi aikinsa. Doguwa ta koma tsawon damtse, baki a karkace, ko magagari ba a goga masa ba. Raina ya ɓaci ƙwarai, amma aikin gama ya gama. Na ce ya bari in kai ta jikin itace a gwada, ya ce yanzu wa zai yi harbi a bayan gari a zauna lafiya? Gaskiyarsa ce. Na tambaye shi me ya ɗura mata. Ya ce samari sun ce a cika ta da ƙananan ƙarafa masu watsuwa, in mutane sun zo da yawa kowa ya samu rabonsa.

Na ce, "Gonarka duk damina ba mai gadi. Gyado ya mai da ita gidansa. Ka sa dunƙule."

Ya yi murmushi ya ce, "Ɗuri ɗaya take ɗauka, Maƙeri. Na zaɓi na mutum."

Ganina da shi na ƙarshe ke nan.

Sauran labarin daga bakin babban ɗansa Hamisu na ji shi, magidanci ne da 'ya'yansa, kuma tare suka je. Mutanen ƙauyen sun yi shawara su fita rana guda, kowa ya shiga gonarsa da hantsi, a karya abin da aka iya, a loda a amalanke, a dawo kafin azahar. Ba mai waƙa, ba mai kiran wani da ƙarfi, kowa yana karya yana kallon bakin daji. Hamisu yana wannan gefen, uban yana can ƙasa kusa da wani tsohon suri. Ashe gyado ya yi rami a gindinsa.

Da lokacin lafiya ne, Iro ya san abin yi, ya fi ni sanin gyado nesa ba kusa ba. Zai ja da baya ya ba shi hanya. Amma mutumin da ya wuni hannunsa a kan ƙugu, yana jiran mutane, in kara ya motsa da ƙarfi a bayansa ba ya tsayawa tambaya. Ya juya ya harba. Ƙarafan suka watsu, wasu suka samu dabbar a fuska, suka fasa mata ido guda. Ta yo kansa. Haure ya shiga cikin cinya ya tsarge ta har sama, sannan ta shige daji.

A nan ne abin da ban hango ba ya faru, ni da nake ganin na san komai a kan ƙarfe. Da aka datse Doguwa, muryarta ta tafi. Abin da ya fito ƙara ce mai kaifi, busasshiya, wadda ba wanda ya taɓa ji a wannan gefen. Duk wanda ke gonakin nan ya ce mutanen daji sun zo. Mai amalanke ya zabga wa shanunsa bulala ya yi gida. Masu babura suka tayar suka bar buhuna a ƙasa. Mata suka yar da kwanduna. Kafin hayaƙin ya washe, ba kowa a fagen nan.

Hamisu ya ce mini, "Baba, ni ma gudu na fara yi. Sai da na kai bakin hanya na tuna ai tsoho ne yake da irin wannan." Ya koma ya same shi zaune a cikin kara, ya danne cinyar da hannu biyu, jini yana bi ta tsakanin yatsunsa. Hamisu ya yage rigarsa ya ɗaure masa. Ya miƙe ya yi ta kiran maƙwabta da sunayensu, ɗaya bayan ɗaya, mutanen da suka sha cin naman Doguwa. Wanda ma ya jiyo shi daga nesa ya ɗauka kama shi aka yi ake sa shi kira. Ya duba waya, ba ta shiga. Sai ya goya uban ya kama hanya.

Ya ce suna tafe tsohon yana magana, yana ce masa kada a bar buhunan a gona, bika za su farka su. Da suka zo rafin da ke kusa da gari ya ce a sauke shi ya sha ruwa. Hamisu ya sauke shi, ya ɗebo a tafin hannu. Bai sha ba.

Na je jana'iza, da rakiya muka shiga. Na yi kuka, ba na ɓoye muku, a gaban yara na yi shi. Wani maƙwabcin gonarsa, dattijo, ya riƙe hannuna a bakin kabari, ya ce, "Maƙeri, wallahi da muryar Doguwa muka ji da mun zo. Ko da su ne, da mun zo." Na yarda da shi. Ranar nan babu ɓarawo ko ɗaya a wannan dajin kusa da su. An bincika daga baya.

Bayan an share makoki, Hamisu ya shigo nan da buhun nan dai. Ya zazzage a gabana. Guntuwar ce, da kuma ɗaya rabin, ashe ya je wurin mai walda ya tono shi a cikin tarkace. Ya jera su a ƙasa baki da baki, ya ce, "Baba, a mayar mata da tsayinta."

Na ɗauka na duba, don kada ya ce ban duba ba. Na ce masa ba ya yiwuwa. Zan iya manna su ta yi kyau a ido, amma wurin haɗin nan shi zai buɗe a fuskar mai harbi. Ba za ta wuce jikin ɗorawa ba.

Hamisu ya ce gonar tana nan, ƙannensa suna nan, kuma damina ba za ta jira ba. "To ka zaɓa mini wata, Baba. Wadda ka ce ita zan riƙe."

Bakin da ya saba ba ya shawara da mai shi. Kafin in ankara na ji kaina ina cewa, "Dabba ko mutum?"

Ya ɗago ya dube ni, ba da raini ba. Ya ce, "Ai ban san wanda zai fara zuwa ba."

Sana'ar nan na gaje ta, na tsufa a cikinta, kuma duk abin da aka koya mini ya tsaya ne a kan mutum ya san amsar tambayar nan. Ranar na zauna ina kallon wuta har ta mutu. Da zai tafi na ba shi sabuwar fartanya, ya karɓa ya yi godiya, don yaro ne mai ladabi. Bana ma ya yi shuka a gonar. Duk ranar kasuwa ina zama ta inda zan hango hanya, sai na ga ya wuce nake iya cin abinci.

To kun ji. Kai mai hoton, mai da wayarka aljihu. Kai kuma, guntun bututun nan da kake ta bugawa a tafin hannunka tun ɗazu, mayar da shi inda ka ɗauka, a hankali. Rabin Doguwa ne.